Daidaita tsayin a-kori-kura mai jan kaya: abin da ƙarin sifirin ke gyarawa da abin da ba ya taɓawa

Daidaita tsayin mota shi ne duk wani gyara ko tsarin lodi da ake yi domin a-kori-kura ta tsaya sosai, gabanta da bayanta kusan kai ɗaya, bayan an ɗora mata kaya ko an maƙala mata ƙaramar tirela. Matsalar da ake neman magancewa sananniya ce ga mai bin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi a lokacin kaka. Mota za ta fito daga Dabawa ko wani ƙauye na kusa, bodinta cike da buhunan masara ko dawa, tana kuma jan injin casa a baya, gindinta ya zauna kamar zai shafi kwalta, hancinta yana kallon sama. Maganin da aka fi sani shi ne a kai ta gareji a ƙara mata sifirin. Hakan yana ɗaga baya, mota ta yi kyan gani, mai ita ya samu natsuwa. Sai dai nauyin da ya bar tayoyin gaba ba ya dawowa ta wannan hanya, kuma birki da taya da shasi ba sa samun ƙarin ƙarfi ko na kilo ɗaya.

Ƙasar da motar ke aiki a cikinta

Dabawa mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, a tsakiyar Jihar Katsina, kuma ƙasar noma ce kamar maƙwabtanta na ɓangaren Kurfi. Babbar hanya kwalta ce, amma waɗanda ke shiga gonaki da ƙauyuka na burji ne ko na yashi, damina ta zaizaye su, rani ya bar su da gargada. Madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, ta sa noman rani ya zauna a yankin, shi kuwa yana tafe da jigilar injin ban-ruwa da taki da kwandunan tumatir. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 gine-gine suka ƙaru a garin, sai siminti da bulo da tankin ruwa da injin kwaɓa kankare suka shiga cikin abin da ake ɗora wa a-kori-kura ko a ja da ita. Ma'aikatu da ƙananan hukumomi ma suna jan janareta da tankuna da Hilux ɗinsu, kuma da yawa daga cikin motocin nan sukan ƙare a hannun 'yan kasuwa bayan gwanjo, sifirinsu ya riga ya gaji.

A yankin da ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga, karyewar sifirin da almuru a hanyar daji ta fi ƙarfin asarar kuɗin gyara.

Yadda aka ƙera bayan motar

Kusan duk a-kori-kurar da aka saba gani a Arewa, tun daga Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, inda ya fara haɗa motoci a 1975, har zuwa Toyota Hilux da Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max, tsarin bayansu ɗaya ne: aksul guda mai ɗauke da tayoyi biyu, an rataye shi a jikin shasi da sifirin mai fallaye. Fallayen ƙarfe ne masu lanƙwasa da aka jera bisa juna, na sama ya fi tsawo kuma shi ke da ido a kowane ƙarshe. Idon gaba a kafe yake a jikin shasi, na baya kuwa yana kan maratayi mai lilo, domin sifirin yana ƙara tsawo idan nauyi ya miƙar da shi. Ƙusa guda ta ratsa tsakiyar fallayen ta haɗe su, wasu ƙusoshi masu siffar harafin U kuma suka ɗaure su da aksul. A ƙasan jerin akan sami falle ɗaya ko biyu masu kauri, kusan miƙaƙƙu, waɗanda ba sa aiki sai an yi lodi mai nauyi. Akwai kuma wata roba tsakanin shasi da aksul, aikinta ta tare bugu idan sifirin ya kai iyaka.

Da gangan masu ƙera motar suke sa bayanta ya fi gabanta tsayi da 'yan santimita idan ba kaya. Wannan tazarar ita ce za ta cinye idan an yi lodi, mota ta dawo daidai. Saboda haka a-kori-kurar da ta tsaya kai ɗaya ba tare da kaya ba, galibi sifirinta ne ya saki. A Amurka akwai al'adar sa wa gaba ƙarin ƙarfe na santimita huɗu zuwa shida domin mota ta yi daidai a ido idan babu kaya. Ado ne kawai, kuma ga mai jan kaya cutarwa ce, tunda an cinye tazarar tun kafin a ɗora komai. Irin wannan ne ake yi a nan idan aka matse sandar murɗi ta gaban tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu don gaba ya ɗaga.

Ita shokozoba ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta hana mota ci gaba da lilo bayan ta faɗa rami. Wanda ya sayi sabuwa da fatan bayan motarsa ya ɗaga zai dawo gida da tsayin da ya je da shi.

Lissafin da ido ba ya gani

Kayan da ke cikin bodi da nauyin da tirela ke ɗorawa a kan ƙugiyar ja ba hali ɗaya suke yi ba, kuma a nan ne mafi yawan kuskure yake. Buhun da aka ajiye daf da bayan gidan direba yana tsakanin tayoyin gaba da na baya, don haka duka huɗun suna raba nauyinsa. Ƙugiya kuwa tana can bayan aksul, nesa da shi da fiye da mita ɗaya. Aksul ɗin baya sai ya zama kamar tsakiyar sikeli mai hannu biyu: a danna wancan ƙarshe, wannan ya tashi.

Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux mai ƙofa huɗu, ƙirar 2005 zuwa yau, mita 3.085 ne. A ƙaddara ƙugiya tana mita 1.25 bayan aksul, wuyan tirela kuma ya danna ta da kilo 200. Idan aka ninka 200 da 1.25 aka raba da 3.085, za a sami kusan 81. Wato tayoyin gaba sun yi asarar kilo 81, na baya kuma suna ɗauke da kilo 281, ba 200 ba. Idan mai walda ya ƙara wa ƙugiyar tsawon santimita 30 domin ƙofar bodi ta riƙa buɗewa ba ta taɓa tirela ba, asarar gaba ta koma kilo 100, lodin baya ya koma 300. Babu ko ɗaya cikin lambobin nan da ƙarfin sifirin ya shiga lissafinsa. A ƙara falle biyu ko biyar, kilo 81 ɗin nan suna nan a inda suka tafi.

Illar tana bayyana ta fuska uku. Tayoyin gaba su ne masu juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin tsayar da ita, to idan nauyinsu ya ragu riƙonsu da ƙasa ma ya ragu. Sitiyari yakan yi sauƙi a hannu, direban da bai ƙware ba ya ɗauka daɗi ne, sai a kwana mai tsakuwa ko kwalta mai danshi mota ta ƙi juyawa ta miƙe. Ta biyu ita ce fitila. Idan baya ya sauka santimita 6 gaba ya tashi 2, hasken zai ɗaga da kusan mita 1.3 a nisan mita 50, ya bar hanya ya shiga idon mai tahowa, ko direban mota ne ko ɗan acaɓa. Ta uku ita ce bugun da ke faruwa idan shasi ya zauna a kan robar nan: sifirin ya daina aiki ke nan, kowane rami yana shiga boris da shasi kai tsaye.

Ƙarancin nauyi a kan ƙugiya ma haɗari ne, watakila ma ya fi. Wasu direbobi idan sun ga mota ta zauna sai su mayar da kayan tirela can baya domin wuyanta ya yi sauƙi. Tirelar da nauyinta ya koma bayan tayoyinta takan fara kaɗa wutsiya da zarar gudu ya ƙaru, kaɗawar tana ƙaruwa da kanta har ta juya motar da ke janta. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce wuyan tirela ya ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta duka, a Ostireliya kusan kashi 10, a Turai kuwa, inda ake jan tirela da ƙaramin gudu, sukan tsaya ƙasa da haka. Ga ƙananan tireloli na walda da ake ƙerawa a garuruwan nan, kashi 10 ma'auni ne mai kyau. Hanya mafi sauƙi ta kaiwa gare shi ita ce a sa kusan kashi 60 na kayan a gaban aksul ɗin tirelar, a ɗaure su yadda ba za su zame baya a hawan tudu ba.

Awo kafin zuwa gareji

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki ido yana ruɗi, kuma tef ɗin awo ba shi da tsada. Ana tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, irin daɓen gidan mai, iskar tayoyi daidai, babu kaya. A auna daga tsakiyar kowace ƙafa zuwa leɓen bodin da ke samanta, a rubuta lambobi huɗun. Sai a yi lodi kamar yadda aka saba, a maƙala tirela, direba da yaransa su shiga, a sake aunawa.

Awon farko yana faɗin lafiyar sifirin. Idan hagu da dama sun bambanta da santimita biyu ko fiye, akwai fallen da ya karye, ko ƙusar tsakiya ta tsinke, ko gefe ɗaya ya saki. Awo na biyu yana faɗin halin lodi. Abin dubawa shi ne nawa gaba ya tashi, ko baya ya faɗa ƙasa da gaba, da kuma ko akwai sauran sarari tsakanin robar da aksul. Robar da ta yi santsi tana ƙyalli, ko ta tsage, ko ta ɓace gaba ɗaya, shaida ce cewa motar ta daɗe tana buga ƙasa.

Nauyin wuyan tirela ma ana iya auna shi ba tare da na'ura ta musamman ba. Sikelin ƙasa irin na 'yan hatsi ya wadatar: a dafa wuyan a kan guntun itace mai tsayin ƙugiya, a ɗora itacen a kan sikeli, bayan an tokare tayoyin tirela da duwatsu gaba da baya.

Daga nan sai lissafin jimla. Yawancin a-kori-kura na wannan aji an yarda su ɗauki tan ɗaya ne ko ƙasa da haka kaɗan, kuma ainihin adadin yana cikin littafin motar ko a ɗan allon ƙarfe da ke jikin ƙofa ko cikin gidan inji. Adadin ya haɗa da mutane da duk abin da aka ƙara wa motar, har kejin ƙarfen da ake waldawa a kan bodi. Direba da yara biyu kilo 210 ke nan, buhun masara shida masu kilo 100 sun kai 600, wuyan tirela 200: jimla 1,010. Motar ta cika, alhali mai kaya yana kallon bodi yana ganin sauran wuri na buhu goma. Sau da yawa gyaran da ya fi kowane amfani shi ne a tura buhunan su jingina da bayan gidan direba, a kwashe na bakin ƙofar bodi, abin da ya rage kuma ya jira sawu na biyu.

Hanyoyin ɗaga baya

Idan awo ya nuna lodi yana cikin ƙa'ida amma baya yana zama fiye da kima, to sifirin ne, kuma akwai hanyoyi da dama, ba duka ne masu kyau ba.

Mafi inganci shi ne a canza jerin sifirin baki ɗaya, hagu da dama tare, da sabo ko da na Beljiyam mai lafiya. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna su ne manyan wuraren da kanikawan Katsina ke nema idan abu ya gagara a gida. Mai saye ya ajiye jeri biyun a ƙasa gefe da gefe ya ga lanƙwasarsu ɗaya ce, ya duba tsatsa mai cin rami da tsaga kusa da ido da kuma ramin tsakiya, domin a nan fallaye suka fi karyewa. Motar da kullum cikin lodi take ana iya sa mata jerin da aka ƙera don nauyi, a yarda da cewa za ta yi tsalle idan babu kaya.

Ƙarin falle shi ne aka fi yi, kuma ba laifi ba ne idan an yi shi da hankali. Falle ɗaya a kowane gefe, mai faɗi da kauri irin na asali, a sa shi a gurbin da tsawonsa ya dace a cikin jerin, tare da sabuwar ƙusar tsakiya mai tsawon da ya isa da sababbin ƙusoshin U. Tsofaffin sun riga sun miƙe, kuma idan an mayar da su sukan saki. Inda ake ɓata aiki shi ne a cusa falle uku ko huɗu na wata babbar mota. Sifirin sai ya zama kamar gungume, ya daina shan bugu, bugun ya koma wa maratayi da idon babban falle da shasi. A hanyar gargada kuma tayar baya takan riƙa tsalle tana rabuwa da ƙasa, abin da ke sa gindin mota ya zame a kwana.

Akwai masu sake lanƙwasa tsohon falle. Idan an yi da guduma ko matsi ba tare da wuta ba, tsayi yakan dawo na wani lokaci, sa'an nan ya sake sauka, domin ƙarfen ya riga ya gaji. Idan kuwa aka gasa shi da wutar gas har ya yi ja, an kashe shi: ƙarfin sifirin daga wata irin gashi da sanyayawa ta masana'anta yake samuwa, kuma wutar gareji tana warware ta. Walda a kan fallen da ya karye ma haka take, zai sake karyewa a gefen ɗinkin. Idan babban falle ne, karyewarsa tana sa aksul ya goce baya ta gefe ɗaya, mota ta juya da kanta.

Tsawaita maratayi da sa ƙarfe tsakanin sifirin da aksul dabaru ne na ɗaga bodi kawai. Maratayin da aka ƙara wa santimita 6 yana ɗaga mota kusan 3, ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, yana kuma karkata bakin aksul yadda farfela za ta riƙa aiki a kusurwar da ba tata ba, sai girgiza da cin mahaɗarta. Cusa katako ko guntun taya tsakanin shasi da aksul kuwa gyaran gangar Auzinawa ne.

Daga ƙasashen waje akwai jakar iska, wata roba mai kauri da ake sawa tsakanin aksul da shasi, a hura ta idan an yi lodi, a sace ta idan an sauke. Amfaninta shi ne mota ba ta taurara idan babu kaya. Aibinta shi ne tana tara nauyi a wuri ɗaya na shasi wanda ba a ƙera shi don haka ba, alhali sifirin mai fallaye yana raba shi wuri biyu masu nisa da juna. A Ostireliya, inda ake yawan jan kaya da irin waɗannan motoci a hanyoyin daji masu gargada, lanƙwashewar shasi a tsakanin gidan direba da bodi sananniyar matsala ce ga motoci masu ƙofa huɗu da aka yi wa lodi a can baya, kuma jakar da aka cika wa iska tana cikin abin da ake zargi.

Na'ura ɗaya ce take mayar da nauyi gaba da gaske. Ƙugiya ce ta musamman mai sanduna biyu na ƙarfen sifirin, waɗanda ake ɗaurewa da sarƙa a jikin wuyan tirela, su riƙa murɗa shasin mota suna tura wani kaso na nauyin zuwa tayoyin gaba da na tirela. An fi amfani da ita a Amurka da Ostireliya. Ba kasafai ake ganinta a nan ba, tana bukatar ƙugiya da wuyan tirela da aka ƙera dominta, kuma ba ta son hanya mai kwazazzabai, inda dole a kwance sandunan kafin a tsallaka. Ƙugiyar da aka walda a jikin bamba ba za ta iya da ita ba. Irin wannan ƙugiya ma ko ba na'urar bai kamata a ja komai mai nauyi da ita ba, wurin ƙugiya shi ne jikin shasi, a ɗaure da ƙusoshi masu ƙarfi ta gefe biyu.

Bawul ɗin birki da ake mantawa

Tsofaffin Hilux da sauran a-kori-kura marasa birkin ABS suna da wani ɗan bawul a jikin shasi ta baya, da siririyar sanda da ta haɗa shi da aksul. Aikinsa ya gane yawan lodi daga yadda baya ya sauka. Idan babu kaya sai ya rage ƙarfin birkin baya don kada tayoyi su kulle, idan baya ya zauna sai ya buɗe. Bawul ɗin ba ya auna kilo, tsayi yake aunawa. Da zarar an ƙara falle mota ta daina sauka, sai ya ɗauka babu kaya ko da tan ɗaya ne a bodi, ya ci gaba da hana birkin baya ƙarfi. Aikin tsayar da mota da tirelarta duka sai ya koma kan tayoyin gaba, waɗanda lissafin da ya gabata ya nuna an riga an rage musu nauyi. Duk bakaniken da ya ɗaga bayan irin wannan mota wajibi ne ya sake saita sandar gwargwadon sabon tsayi. A motoci da yawa ma sandar ta tsinke ko ta yi tsatsa ta ƙage tun da daɗewa, ba wanda ya lura. Sababbin motoci masu ABS na'ura ce ke raba ƙarfin birki, ba su da wannan bawul.

Iyakokin da ba sa motsi

Sababbin Hilux na dizal an yarda wasunsu su ja har kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar tana da birkin kanta. Idan ba ta da shi iyakar kilo 750 ce, kuma kusan duk ƙananan tirelolin da ake waldawa a gida ba su da birki. Litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 1,000 a kan tirela mai kilo 400 ya kai kilo 1,400, kusan ninki biyu na iyakar. Tankin da bai cika ba ya fi cikakke wuyar sha'ani, domin ruwan yana gudu gaba idan an taka birki, ya tura motar, sa'an nan ya koma baya ya ɗaga wuyan tirela.

Taya ma tana da nata adadi a rubuce a gefenta. Lamba 106 tana nufin kilo 950 ga taya ɗaya, 110 kilo 1,060, 112 kuma kilo 1,120, kuma wannan sai an hura ta zuwa iskar da aka ƙayyade don cikakken lodi. Tayar da ke da harafin C ko LT ita ce ta kaya. Ta ƙaramar mota, ko girmansu ɗaya, gefenta ya fi laushi. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 mako na 23 ne na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya. A zafin watan Afrilu, kwalta tana ƙuna, tsohuwar taya mai ƙarancin iska da lodi fiye da kima ita ce kan gaba wajen fashewa. Jami'an hukumar da na KASSAROTA ta Jihar Katsina suna kama lodin wuce kima, kuma motar da aka ɗaga wa baya tana iya wuce su ba su lura ba. Boris ɗin aksul dai yana ɗauke da kilo ɗin da aka ɗora masa, ko an kama ko ba a kama ba.

Jan motar da ta lalace

Wani nau'in ja da ake yawan gani tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma shi ne na motar da ta mutu a hanya. Idan da igiya ko sarƙa ko sandar ƙarfe ake janta, tayoyinta huɗu a ƙasa, babu nauyin da ke danna bayan mai ja, saboda haka tsayin sifirin bai shiga ciki ba. Matsalar a nan birki ce: motar da injinta ba ya aiki birkinta yakan taurare bayan taku biyu ko uku, sitiyarinta ma haka idan mai amfani da mai ne. Sanda ta fi igiya saboda tana hana ta baya afka wa ta gaba. Idan kuwa aka ɗaga gaban matacciyar motar aka rataye shi a bayan a-kori-kura, kamar yadda janwe ke yi, to fiye da rabin nauyin ƙaramar mota mai inji a gaba ya hau can ƙarshen shasi, wato kilo 600 ko fiye a wurin da kilo 200 ya riga ya rage wa gaba 81. Ba a ƙera a-kori-kura ta kasuwa don wannan ba. Kundin ƙa'idojin hanya na Najeriya ya ƙayyade wa janwe kilomita 45 a sa'a yayin da take jan wata mota, a cikin gari ko a babbar hanya.

Bayan an gama gyara

Motar da aka taɓa wa sifirin tana bukatar a sake saita fitilunta da lodin da ta saba ɗauka, a duba roban man birki na baya ko ya miƙe fiye da kima idan an ɗaga mota da jak, a kuma tabbatar shokozoba ba ta kai ƙarshen tsawonta kafin aksul ya gama sauka. Idan an taɓa tsayin gaba, dole a sake saita ƙafafu, in ba haka ba taya za ta ci ta gefe ɗaya. Ƙusoshin idon sifirin da na maratayi ana matse su ne bayan an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, domin idan aka matse tana rataye, robar bushin za ta murɗe ta tsage cikin 'yan makonni. Ƙugiya ta kasance a tsayin da tirela za ta tsaya a miƙe, ko wuyanta ya ɗan sunkuya kaɗan, a kuma haɗa sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashin wuyan don su tare shi idan ƙugiya ta kuɓuce.

Sababbin fallaye sukan zauna da juna a kwanakin farko, tsatsa da fenti da ke tsakaninsu su goge, ƙusoshin U su saki. Ana sake matse su bayan tafiyar kilomita ɗari ko ɗari biyu na farko, wato kamar zuwa Katsina da dawowa daga Dutsin-Ma sau ɗaya ko biyu, sa'an nan a sake ɗaukar awon ƙafafu huɗu a ajiye takardar a cikin mota domin kwatantawa idan kaka ta zagayo.